Baba Ɗantsoho Ya Je Fayyum Neman Burkutu

A gyara zama, a rage rediyo, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga Baba Ɗantsoho nan tafe: Sarkin Murhun Hadayek el-Ma'adi, Wazirin Barkono, shugaban masu tsaki na ƙasar Masar baki ɗaya, mutumin da ya rantse hancinsa na gane matar da ta dafa burkutu tun daga bakin kasuwa, kuma wanda rabonsa da burkutun tun ina rarrafe.

In ka gamu da shi a hanya ba za ka ba shi wannan girman ba. Gajere ne, ƙafafunsa sun ɗan buɗe, kuma hular sanyi ba ta barin kansa ko da Alƙahira na tafasa. Kuku ne. Daga wani ƙauye a bayan duwatsun Pankshin ya biyo wani oga na ofishin jakadanci, shekara ashirin da wani abu ke nan. Ogan ya gama aikinsa ya koma gida, wanda ya gaje shi ya tarar da Baba a kicin tare da firij da tukunyar gas, ya karɓe su duka. Haka ake ta miƙa shi hannu zuwa hannu har yau. Larabcin da ya tara a duk shekarun nan bai wuce na cefane ba: bikam, wato nawa ne, da halas, wato ya isa, da yalla, wato mu je. Sauran maganar da tsaki yake yin ta, kuma masu kayan miya sun fi gane tsakin.

Babu abin da ya tsira daga bakinsa a ƙasar nan. Gurasarsu tafin takalmi ce. Wakensu na safe abincin mai jinya ne. Shayinsu ruwan zafi ne da aka tsoratar da ganye. Amma in kana son ka ga jijiyar wuyansa ta tashi, ambaci giyar kwalba.

"Wannan ba giya ba ce," haka yake cewa. "Abin da ba shi da uwa. Inji ya haife shi, firij ya raine shi. Giya ita ce wadda mace ta jiƙa dawa, ta bari ta tsira, ta niƙa, ta dafa, ta kwantar a randa. Ka zo da hantsi ka tarar tana numfashi, kumfa na tashi, da ɗuminta. A ƙoƙo, a gindin bishiya, da mutane. In yamma ta yi ta mutu, sai a jira ta wata."

Ni kuwa Lawal sunana, a unguwar Hayyin Ashir nake kwana. Karatu na zo yi Masar. Karatun ya dube ni, na dube shi, muka rabu ba faɗa. Yanzu tafinta nake wa 'yan gida masu zuwa asibiti da sari. Baba yana kirana Ustazu, kuma ba don girmamawa ba. Ina zuwa wurinsa ne saboda tuwon dawa da miyar kuka, shi kuma yana barina ne saboda yana bukatar wanda zai zauna a yi masa tsaki.

Wata ranar Lahadi na same shi zaune a kan buhun shinkafa, waya a hannu, murhu a kashe. 'Yarsa Godiya ce ta kira daga gida. Yayansa Ɗanjuma ya rasu, har an binne.

Na yi masa gaisuwa yadda aka saba. Bai yi kuka ba. Ya ce matsalar ba mutuwar ba ce, Ɗanjuma ya tsufa, ya ci rabonsa har da na wasu. Matsalar Dije ce, matar marigayin. A garinsu, in ji shi, in magidanci ya mutu, matarsa na zama cikin baƙaƙen kaya, ba kasuwa ba gona, har sai ranar zaman ƙarshe. A ranar, ƙanen mamaci ne zai ɗebi ƙoƙon farko na burkutu daga randa, ya zuba a ƙasa, ya kira sunan ɗan'uwansa ya sallame shi. Sai an yi haka matar za ta kwance ɗankwali ta fita. Ɗanjuma kuwa ba shi da sauran ƙane a duniya sai Baba. Ga damina ta kawo kai, gonar Dije ko kaftu ba a yi ba. Ga kuma takardun zaman Baba suna wurin sabuntawa, in ya fita ƙasar ba lallai ya dawo ba.

Dattawan gari sun zauna sun yi masa sassauci. Ya zuba a inda yake, su gani ta waya, ranar Asabar da safe. Amma sai giyar hatsi, sai daga randa, sai a kan ƙasa tsirara. In ba haka ba, Dije ta jira shi har ya dawo.

"Baba," na ce, "ba kai ne dattijon coci ba? Me Fasto zai ce?"

"Yayan Fasto ne ya mutu?"

Daga nan aikina ya fara, ni da ko ƙamshin abin ban sani ba. Na tambayi Mazin, wani wanzami ɗan Sudan da ke aske mu a Ashir, wanda babu ƙofar da bai san abin da ke bayanta ba. Ya rage murya ya ce akwai wata mata 'yar duwatsun Nuba, Hindu, a saman wani bene a nan Ashir, tana dafa irin tasu da dawa, marisa suke ce mata. Ya ƙara da cewa tsofaffin Masar ma suna da tasu ta gargajiya, buza, amma shi bai taɓa ganin mai yi ba.

Na kai Baba wurin Hindu. Tun muna hawa na uku hancinsa ya fara rawa. Ya tsaya, ya lumshe ido, ya ce, "Dawa ce. Ja. Kuma matar ba ta da rowar wuta." Ya ƙarasa benen kamar saurayi, ni ina haki a baya.

Hindu doguwa ce baƙa, hannayenta kamar na mai dakan haya. Ta buɗe mana, ta nuna mana benci, ta je lungu ta ɗaga murfi. A nan Baba ya ga inda giyar take kwance: shuɗiyar durom ta roba, irin wadda ake tara ruwa in famfo ya ɗauke.

Tsakin da ya yi, na tabbata an ji shi a duk faɗin Alƙahira.

"Roba," ya ce. "Gaya mata a garinmu ko akuya ba a ba wa ruwa a wannan. Gaya mata ta ɗauki dawar Allah ta kashe ta a bokitin wanki."

Na juya na ce wa Hindu dattijo ya yaba ƙwarai, sai dai cikinsa ba ya son sanyi. Ta dube ni, ta dubi bakin Baba da ke a murguɗe har yanzu. Ta mayar da murfi a hankali.

"Gaya wa kakanka," ta ce, "benen da ya hawo yana nan inda ya bar shi."

A hanyar sauka Baba ya bayyana mini iliminsa na duniya. Birni, in ji shi, ko'ina birni ne, ƙarya da roba. Amma ƙauye ba ya ƙarya. Babu ƙauyen da Allah ya yi da manoma a ciki da za a rasa gidan giya a gindin bishiya. Buzar nan da wanzami ya ambata tana can wurin manoma, a randa, tana jiran mai hanci. Wani direban ofis ya taɓa ce masa Fayyum akwai gonaki da tafki. To, Fayyum za mu, ranar Juma'a, tunda ita ce ranar hutunsa.

Na ce masa manoman Masar ba irin manoman Pankshin ba ne. Ya ce yaron da ya kasa gama aji ba zai koya masa manoma ba.

Ranar Juma'a da sassafe ya fito cikin kaftaninsa na zuwa coci, da jaka a rataye. A cikin jakar akwai ƙoƙon da ya zo da shi daga gida tun zuwan farko, wanda ke zaune a saman kwaba naɗe da tsumma, ba a taɓa ko shan ruwa da shi ba. Muka shiga mikrobas, 'yar ƙaramar bas ta haya, aka matse mu tsakanin wata mata mai kwandon agwagi da wani soja mai barci. Direban yana tuƙi kamar an ce masa gidansu na ci da wuta. Baba ya yi wa hamada tsaki tun daga wajen dalar Masar har muka fara ganin kore.

Gaskiya wurin yana da kyau, ban da ƙuda. Kana cikin rairayi sai kawai ƙasa ta buɗe: dabino, zaitun, ciyawa kore shar, ruwa na bin kwalbatoci, ga manyan ƙafafun katako suna juyawa suna ɗebo ruwa suna kuka kamar an taka musu wutsiya. Ga hasumiyoyin tattabaru farare, ga ɓaunaye kwance cikin taɓo suna kallon mutane da raini. Can nesa tafki na ƙyalli. Masu kuɗin Alƙahira na zuwa nan su ɗauki hoto da jaki su koma. Baba ya duba hagu, ya duba dama.

"Ba dutse ko ɗaya," ya ce. "Ƙasa kamar faranti."

Muka sauka muka hau tuk-tuk, keken nan mai ƙafa uku, zuwa cikin ƙauyuka. Ba mu yi nisa ba Baba ya daki kafaɗar yaron da ke tuƙi ya ce, "Halas, halas." Ya dira tun kafin a tsaya.

A bakin hanya, gindin wata bishiya, randuna uku ne jere a kan ƙarfe, kowace da murfin katako, da kofi a kife a sama.

Sai a nan na gane abin da ke kansa. A garinsu, ya sha gaya mini, matar da giyarta ta nuna ba ta shela. Randa take fitarwa ƙofar gida ta kife ƙoƙo a kan murfi, duk mai wucewa ya san an buɗe. Baba ya tsaya gaban randunan nan ya cire hular sanyinsa, abin da ban taɓa gani ba.

"Ka gani, Ustazu? Uku. Kuma dubi can." Ya nuna gaba. Wata randar ce a ƙofar wani gida, da wata a gaban wancan. "Gari guda na mashaya. Shekara ashirin ina zaune kusa da aljanna ina cin wake."

"Baba, ruwa ne. Sadaka ce suke ajiyewa don masu wucewa."

"Kai aka gaya wa haka."

Ya zauna a kan wani kututture, ya tafa hannu, ya yi sallama da ƙarfi yana jiran mai giya ta fito. Wata kaza ce ta fito. Da ya gaji ya tashi ya ɗaga murfi da kansa, ya sunkuya ya shaƙa, ya ɗiba ya kurɓa. Ya daɗe yana juya shi a baki.

"Ruwa ne," ya ce.

"Allah Ya ƙara basira."

"Ta gaba ce. Haka ake yi a garin da malamai suka yi yawa. A sa ruwa a waje saboda irinku, ta ainihi tana ciki. Mu je."

Haka muka bi ƙauyen nan randa bayan randa. Ba ya yarda da hancinsa kaɗai, wai ƙila an rufe ƙamshin da dabara, sai ya kurɓa. Ya ɗanɗani ruwan masallaci, ya ɗanɗani na mai faci, ya ɗanɗani na wata tsohuwa da ta yi masa addu'a. Wata randar ya ce wannan an taɓa zuba wani abu a cikinta, ya ƙara kofi na biyu don ya tabbatar. Kafin rana ta take, cikinsa na ƙara in yana tafiya kamar tulu a bayan jaki, kuma mun fi tsayawa a bayan dabino fiye da gaban randa. Yara suka fara bin mu. Sarkin hanci na Filato ya zama mai duba ruwan sha na Fayyum, ba albashi.

Wani manomi mai jallabiya, Ammu Amjad, ya gan mu a ƙofarsa ya ja mu ciki, don a can baƙo ba ya wucewa haka. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar mangwaro, aka kawo shayi. Baba ya dubi wurin, inuwa, benci, maza biyu zaune suna hira, ya taɓa ni da gwiwa.

"Nan ne. Kar ka yi magana, za ka ɓata. Ba a tambaya da baki."

Ya kalli mai gida, ya kanne ido ɗaya. Ya dunƙule hannu kamar ƙoƙo ya kai baki. Sannan ya miƙe ya yi 'yar tangaɗi, ya juya yatsa a gefen kansa, ya koma ya zauna yana murmushi.

Ammu Amjad ya tashi a ruɗe. Ya kwala wa matarsa kira ya ce rana ta bugi dattijo. Kafin Baba ya ankara an kwantar da shi, an jiƙa tsumma an ɗora masa a goshi, an fasa albasa an kanga masa a hanci, ga babban kofi na ruwa da lemon tsami an ce sai ya shanye.

"Ustazu," ya ce daga kwance, "in na ƙara shan ruwa zan mutu. Tambaye shi da baki."

Na tambaya. Na ce dattijo buza yake nema, ta gargajiya, ta randa, saboda wata al'ada ta mamaci. Mazan nan biyu suka dubi juna. Sai Ammu Amjad ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ya ce shi dai a bakin kakansa ya taɓa jin sunan abin, kuma kakan ma a lungunan Alƙahira ya gan ta lokacin da yake dako a can. Ya ce ku da kuka baro birnin da ake komai, kuka zo neman wannan wurin masu noman ciyawa, kuma ranar Juma'a?

Kamar da gayya, ladan ya ɗauki kira. Mazan suka tashi, na bi su masallaci, muka bar Baba a tabarma shi da wata ɓauna suna kallon juna.

Da na dawo bai yi tsaki ba, kuma wannan ya fi tsakin ban tsoro. Ya mayar da hularsa. Muka kama hanyar komawa a ƙasa, yana gaba ina baya. Wayarsa ta yi ƙara, Godiya ce. Na ji yana cewa, "An samu. Ki gaya wa Dije ta wanke zanenta mai fure." Ya kashe, bai dube ni ba.

Can gaba muka hango hayaƙi na tashi daga wani kwari. Baba ya ɗaga hanci, ƙafarsa ta ƙara sauri, na ce a raina yau kuma wa zai kwantar da shi. Da muka leƙa, magina tukwane ne. Kwarin cike yake da tuluna da randuna an jera su a rana kamar kawunan mutane a filin idi. Baba ya sauka ciki. Ya bi su yana ƙwanƙwasawa da yatsa yana kara kunne, ya ƙi wannan, ya zagi waccan, har ya tsaya kan wata 'yar madaidaiciya, fara-fara, sabuwa fil daga wuta. Ya saye ta. Ya rungume ta a mikrobas tun daga Fayyum har Alƙahira, duk ramin da aka faɗa sai ya ce "Yesu" a madadinta.

"Hadayek za mu?" na tambaya da muka sauka.

"Ashir."

Rana ta yi sanyi muka sake hawa benen Hindu. Wannan karon ba gudu. Ta buɗe, ta gan shi, ta jingina da ƙofa ta harɗe hannu.

"Mai akuya ya dawo," ta ce. Ashe Mazin, da na ba shi labari wurin aski, ya riga ya kai mata fassarar gaskiya.

Baba ya ajiye randar, ya sake cire hula, sau biyu ke nan a rana ɗaya. Ya ce in faɗa mata daidai, kar in ƙara gishiri kar in rage. Ya ce bakinsa ya yi laifi. Ya ce yayansa ya mutu, akwai mace zaune cikin baƙi tana jiran ƙoƙo ɗaya, ga ruwan sama na shirin sauka. Na faɗa daidai, karo na farko a aikina.

Hindu ta dubi randar. Ta ce Juma'a ce, mutanenta sun zo sun tafi, saura na gindi, kuma ba za ta sake dafawa ba sai wani mako. Ta karkato shuɗiyar durom ɗin nan da aka zaga, ta juye abin da ya rage kaf a randar Baba, ya kai kusan rabi. Sannan ta shafa jikin randar, ta dubi tafin hannunta.

"Wannan ta ruwa ce," ta ce. "Kuma ba ta taɓa shan komai ba. Tana da ƙishi. Ya bar ta a roba zuwa safe."

Na fassara. Hular ta riga ta koma kai, girman ma ya dawo.

"Gaya mata ina shan giyar randa tun ba ta yi haƙori ba."

Wannan ban fassara ba, amma ta ga bakin. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ma'alish, wato ba komai, ta rufe ƙofa.

Ya ce in kama masa. Na ja da baya na ce a ɗan karatun da na yi kafin mu rabu, na riski inda aka ce mai ɗaukarta ma yana cikin lissafi. Ya ce duk karatun da na zubar, wannan kaɗai na tsince. Haka ya sauko da ita shi kaɗai, hawa bayan hawa, yana nishi.

A tasi na ce masa, "Baba, wannan fa giyar roba ce ka sa mata rigar randa. Mamaci za ka yi wa wayo?"

"In ta kwana a randa ta zama ta randa. Ɗanjuma bai taɓa tambayar giya inda ta kwana shekaranjiya ba."

"To ɗan kurɓa mana, ka ji ko ta kai."

Ya ce ba a sha kafin mamaci. Ƙamshin ya cika motar, maƙogwaronsa na hawa yana sauka, amma ko yatsa bai tsoma ba. Ya ce gobe, in an sallami Ɗanjuma, sauran nasa ne, zai zauna da ƙoƙonsa ya rama shekara ashirin, kuma kar in kuskura in yi masa magana a lokacin. Ya ajiye ta a baranda don ta sha iska, ya rufe da faranti.

Da safe na iso na tarar da matar da ke ƙasa da shi ta leƙo tana zazzaga masifa, tana ɗaga wani zanen gado da ya yi rawaya-rawaya yana tsami. Na hau. Baba na tsaye a baranda. Randar ta yi baƙi da gumi tun daga wuya har gindi, ƙasan wurin ya jiƙe, wata 'yar hanya ta bi ta ramin ruwa ta sauka kan shanyar mutane. Randunan ƙasar nan haka aka gina su, su yi ta tsattsafo don ruwa ya yi sanyi. Ta garinsu mata ke shafe ta da makuba har ta toshe, shi kuwa sha ya iya, bai taɓa tambayar yadda ake yi ba. Sabuwar randa ta sha rabonta, ta ba maƙwabta nasu. Abin da ya rage a gindi wani abu ne mai kauri kamar kunu.

Waya ta fara ƙara.

"Mu ƙara ruwa," na ce. "Wa zai gani ta waya?"

Ya dube ni. "Ruwan da na sha jiya ya ishi zuri'armu."

Saura ƙasa. A Hadayek in ba kwalta ba sai siminti, sai tayil. Ya rungumi randar muka fita, muka bi layi muna duban ƙasa kamar masu neman allura, har muka samu wata bishiya a jikin katangar layin jirgin ƙasa na metro da ɗan fili a gindinta wanda bai fi faranti biyu ba. Baba ya durƙusa da kaftaninsa ya kwashe guntayen sigari da murafan kwalba da hannu, ya kori wata kyanwa, ya share har ƙasa ta fito baƙa.

Na riƙe waya. Godiya ta juya tata, sai ga garin: dattawa a kan duwatsu ƙarƙashin wata ƙatuwar ɗorawa, Dije a gefe cikin baƙi ta sunkuyar da kai, ga randuna manya jere, kumfa na malalowa ta bakinsu. Na ga idon Baba ya sauka a kan randunan nan ya ƙi tashi. Wani tsoho mara haƙori ya matso da fuska ya ce a nuna musu tasa. Na nuna. Ya ce a nuna ƙasa. Na nuna. Ya gyaɗa kai.

Baba ya kwance ƙoƙonsa daga tsumma, ya karkata randar, ya jira. Abin ya gangaro a hankali, ya tsaya ɗan ƙasa da baki. Ya girgiza randar, ba ƙari.

Ya fara magana da yarensu, ban tsinci komai ba sai sunan Ɗanjuma. Jirgi ya zo wucewa ya haɗiye muryar, ya dakata har ya wuce, ya sake daga farko. Yana magana yana zubawa. Da ya kai saura kurɓi ɗaya sai hannun ya tsaya. Ina kallonsa, dattawa ba sa ganin cikin ƙoƙon daga can. Ya ɗan daɗe a haka. Sannan ya kife ƙoƙon gaba ɗaya, ya kaɗa shi, ya sa yatsa ya sharce na jiki ya goga a ƙasa.

Guɗa ta tashi a waya. Wata mata ta kwance wa Dije baƙin ɗankwali, ga zane mai fure a ƙasan baƙin, ta riga ta ɗaura. Dattawa suka tsoma ƙoƙuna, tsohon nan ya ɗago nasa ya kusanto da shi har kumfa ta cika fuskar wayar, yana kiran Baba ya sha nasa. Baba ya ɗaga busasshen ƙoƙonsa ya kai baki ya yi kamar yana sha. Daga nan layi ya yanke.

Ƙasar Masar ta shanye abin nan da nan, saura ɗan tabo da ƙudaje. Kyanwar ta dawo ta shinshina ta yi gaba.

"Baba," na ce, "wannan sai an rubuta. Jarumin da ya ratsa hamada, ya shanye rijiyoyin Fayyum, ya durƙusa wa roba, ya yi wa maƙwabta wanki da giya, ya shekara ashirin yana jiran ƙoƙo ɗaya, ya samu, kuma ko ɗigo bai taɓa harshensa ba."

Yana naɗe ƙoƙon cikin tsumma, bai ɗago ba.

"Ai ba ni na mutu ba," ya ce. "Ɗauko randar, Ustazu. Babu komai a ciki yanzu."